Sunan Ikilima a Banki

Shekara ashirin da uku Ikilima ta yi a gidan aure ba ta taɓa sa hannu a kan takardar kuɗi ba. A Jidda aka haife ta, a wani lungu na tsohuwar unguwar Balad. Kakanta ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa ya zauna, har 'ya'yansa suka zama 'yan ƙasa. Mijinta Isha'aku kuwa mutumin Damagaram ne, da iƙama, wato takardar izinin zama, yake zaune, yana gyaran injuna a wani kamfanin robobi da ke Madinar Masana'antu. Hayar gidansu na unguwar Madain Fahd da sunansa take, mitar wuta da sunansa, mota ma haka, har layin wayar da ke hannunta shi ya yanka mata. Ita aikinta shi ne gida da rainon 'yarsu ɗaya tilo, Layan, wadda ta girma ta shiga karatun jinya. Duk ƙarshen wata yakan miƙa mata kuɗin cefane a ambulan, ta ƙirga ta adana, ba ta taɓa jin akwai abin da ta rasa ba.

Abin ya fara ne daga rasuwar Mahamat, wani ɗan Cadi abokin aikin Isha'aku, wanda ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Da labarin rasuwar ya kai banki, sai aka rufe asusunsa har a tantance magada, magadan kuwa wasunsu suna can Cadi. Matarsa Haoua maƙwabciyar Ikilima ce. Sati uku bayan jana'iza Ikilima ta leƙa ta, ta tarar da ita zaune cikin zafi, an kashe na'urar sanyaya ɗaki don tsoron kuɗin wuta, ga kuɗin mijinta a banki, ba ta da ikon taɓa ko riyal ɗaya. Ikilima ce uwar adashin matan layinsu, sai ta roƙi sauran matan aka ba Haoua kwasar wannan watan.

Ba a daɗe ba Isha'aku ya ɗauki hutun kwana ɗaya. Wata Lahadi da safe ya ce mata, "Ummu Layan, sa abayarki, za mu banki."

"Me zan yi a banki?"

"Za a buɗe miki asusu, a yi miki kati. Kin dai ga abin da ya samu Haoua."

"Allah ya kiyaye, Abu Layan. Kai da ko ciwon kai ba ka cika yi ba."

Ya ɗauki mukullin mota ya tsaya a bakin ƙofa yana jiranta.

A banki wata budurwa mai suna Ruba ce ta karɓe su. Buɗe asusu bai ɗauki lokaci ba. Da aka zo maganar katin da ake saye da shi a biya daga baya, sai Ruba ta daɗe tana duba kwamfuta, sannan ta ɗago ta kira ta da khala, yadda ake girmama babbar mace da Larabci.

"Ya khala, kina da albashi, ko wani abu da ke shigo miki duk wata?"

"Ba ni da shi. A gida nake."

"To na duba sunanki a Sima, wato inda ake ajiye tarihin duk wanda ya taɓa karɓar bashi ko ya sayi kaya a kan biya kaɗan-kaɗan. Babu komai a kanki."

Ikilima ta gyara zama, ranta ya yi fari. "Alhamdu lillahi. Ai ban taɓa cin bashin kowa ba."

"Nan ne matsalar take," in ji Ruba, a hankali. "Ba a ce tarihinki ya ɓaci ba. Babu shi ne gaba ɗaya. Banki bai san ko kina biya ko ba kya biya ba, tunda bai taɓa gani ba."

"Shekara goma sha ɗaya kuɗin mata goma sha huɗu suna kwana a hannuna," in ji Ikilima. "Ki je layinmu ki tambaya ko an taɓa neman riyal ɗaya an rasa."

Ruba ta yi murmushi, ta ce mahaifiyarta ma tana cikin irin wannan adashin, amma babu inda za ta rubuta shi a kwamfuta. Ta nuna musu hanya ɗaya: a ajiye riyal dubu uku a banki a matsayin jingina, a ba Ikilima ƙaramin kati a kansu. Ta riƙa sayayya kaɗan da shi, ta biya duka, kar ta wuce ashirin da biyar ga kowane wata. A mayar da layin wayarta da sunanta, irin wanda ake biya ƙarshen wata. Idan kuɗi suna shiga asusunta a kai a kai kuma ba ta yi latti ba, cikin shekara guda sunanta zai zama abin dogaro. Isha'aku ya zaro dubu ukun daga aljihu a take, kamar dama ya san za a nema.

A mota Ikilima ta juya kai tana kallon titi.

"Wato sai na ci bashi kafin a yarda ni mai amana ce," ta ce. "Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaukar kaya a shago ya ce sai gobe ba. Kuma ina jin tsoron riba."

"Na tambayi malam, na kuma karanta takardunsu. In kin biya kafin ranar, babu ƙarin ko sisi."

"To in da kuɗin a hannu, me ya sa ba zan biya a take ba?"

"Don su gan ki," ya ce. "Ni na san ki, unguwa ta san ki. Su ne ba su san ki ba."

Ya sayo mata ɗan littafin rubutu, wanda shi yake kira kaye irin na mutanen Nijar, ya ja layuka da biro: rana, abin da aka saya, nawa. Ya daina ba ta ambulan, kuɗin cefane suka koma shiga asusunta. Ranar farko da ta miƙa katin a babban kanti, shinkafa da man girki da madara kawai ta saya, amma sai ta manta lambobin sirrin, mutane suka taru a bayanta. Isha'aku na tsaye gefe, ya ƙi faɗa mata. Sai da ta rufe ido ta tuno da kanta. Da suka fito ta ce ba za ta sake ba, wulaƙancin ya isa haka. Bayan kwana uku ya sake kai ta.

Layan ce ta koya mata biya ta waya. Yarinyar tana jin Hausa sarai amma bakinta ya fi sakewa da Larabci, sai ta riƙa haɗa su. "Ummi, danna nan, ba can ba. Halas, kin biya. Kin ga saƙo ya shigo?" Ikilima ta karanta saƙon, ga sunanta cikakke a sama. Ba ta nuna musu ba, amma sai da ta karanta shi sau uku.

Wata na biyu ta biya ba tare da an taimake ta ba. A na uku har ta kama kuskuren riyal goma sha biyu a lissafin Isha'aku, ta yi ta yi masa dariya. A na huɗu ne ya zo da maganar mayar da takardar haya da mitar wuta da sunanta.

A wannan lokacin ta riga ta lura da wasu abubuwa. Wandunansa sun yi masa yawa. Tuwon da yake cinye malmala biyu, yanzu rabin ɗaya yake ci ya ture kwano. Ranakun da ya ce yana da ƙarin aiki yakan dawo babu warin man inji a jikinsa. Kuma ya yawaita maganar gida, da mahaifiyarsa Inna, wadda rabonsa da ita shekara shida. Ikilima ta haɗa wannan da wancan, ta yanke a ranta cewa Jidda ce ta ishe shi, yana shirin komawa Damagaram ya bar su.

Wata Juma'a bayan ya dawo daga masallaci sun ci abinci, Layan ta tafi gidan ƙawarta, ta ce masa, "Abu Layan, in tafiya za ka yi ka faɗa mini. Ba zan riƙe ka ba. Amma kar ka riƙa sauke mini kaya ɗaya bayan ɗaya kana ce mini saboda Haoua ne."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata babbar ambulan ta asibiti ya ajiye a gabanta.

"Kwana goma bayan mun binne Mahamat na je a duba mini wani ciwo da nake ji a gefen ciki," ya ce. "Ciwon daji ne, a hanta. Ya riga ya yi nisa. Ranakun da nake ce miki ƙarin aiki, asibiti nake zuwa."

"Likita me ya ce?"

"Shekara ɗaya. Wataƙila da ɗan ƙari. Allah ne masani."

Ba ta taɓa ambulan ɗin ba. Ta tashi ta kwashe kwanuka ta kai kicin, ta wanke su, ta ɗauraye, ta sake wanke su. Da ta dawo sai ta tsaya a kansa.

"Wata huɗu," ta ce. "Wata huɗu kana koya mini danna waya, kana ɗauke da wannan kai kaɗai. Ni wace ce a wurinka?"

"Da na fara faɗa miki, da babu abin da za ki koya. Fuskata kawai za ki riƙa kallo."

Ta san gaskiya ya faɗa, hakan kuma ya ƙara mata zafi. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa, nan ne kukan ya zo mata. Shi kuwa ya ɗora hannu a kanta yana ta maimaita sunanta na yanka, wanda ya yi shekaru bai kira ba.

Da Layan ta ji labari sai ta karɓi takardun ta karanta da idon mai karatun jinya. Ta ajiye su, ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa.

Abu na farko da Ikilima ta nema shi ne ya je ya ga Inna tun yana da ƙarfi. A nan ta gane cewa dubu ukun da ya ajiye a banki kuɗin jirginsa ne da ya daɗe yana tarawa.

"Gobe zan je in rufe katin, su ba mu kuɗinmu," ta ce.

"Ba za ki je ba. In kin rufe yanzu, wahalar wata biyar ta tafi a banza. Ki bari ya cika shekara."

"Kana da shekarar ne?"

Ya tsaya a kan maganarsa. Ta koma wurin matan adashi, amma kwasar watanni biyu masu zuwa an riga an yi alkawarinsu ga masu aurar da 'ya'ya. Lokacin da tata ta zo hannu, a wata na takwas, ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa, likita ya ce ba zai iya doguwar tafiya ba. Sai ya koma kiran Inna ta bidiyo a wayar ƙaninsa. Yakan sa babbar riga da hula, ya zauna nesa da wayar. Tsohuwar takan kawo fuskarta kusa ta ce, "Isha'aku, ka rame." Shi kuma ya ce, "Hoton waya ne, Inna, haka yake mayar da mutum." Ikilima ba ta iya zama a falon in ana wannan hirar.

Ta taɓa ce masa tunda yana tsoron a rufe asusunsa, ya juye mata duk abin da ke ciki mana. Ya girgiza kai. Ya ce Inna tana da haƙƙi a ciki, 'yan'uwansa ma haka, ba zai je gaban Allah da haƙƙin magada ba. Abin da ya san nata ne shi ne ciyarwa, shi kuma zai ci gaba da zuba mata duk wata, da ɗan ƙari a kai don ta tara.

A wata na goma ya daina zuwa aiki. Kamfanin ya yi masa alkawarin biyan haƙƙinsa na shekarun da ya yi, amma takardu suka yi ta jan ƙafa. Daga kan gado yake bin lissafinta. Wani lokaci tana shafa masa mai a ƙafa sai ya ce ta kawo kaye ya gani. Takan kawo, ya bi layukan da yatsa, ya gyaɗa kai, ya mayar mata. Ta tsani littafin nan, amma ba ta taɓa barin rana ta wuce ba ta rubuta ba.

A wata na goma sha uku aka kwantar da shi a asibiti. Ranar ashirin da uku ga watan, da hantsi, tana ba shi kunu da cokali, ya kurɓa sau biyu ya kau da kai.

"Yau nawa ga wata?" ya tambaya. Muryarsa ta dushe, sai ta sunkuya take jin sa.

"Ashirin da uku."

"Kin biya kati?"

"Zan biya."

"Biya yanzu in gani."

"Abu Layan, ka sha kunun nan tukuna."

"Ki biya yanzu. Kwanakin nan hankalinki ba ya jikinki, za ki manta."

Kwana shida ke nan ba ta yi barcin kirki ba. Ta ajiye kofin da ƙarfi har kunun ya zuba a kan tire.

"Kati, kati, kati! Kana kwance a nan, ni ina kallonka kana ƙarewa, ba ka da wata magana da za ka yi mini sai ta kati? Shekara guda ka hana ni zama da mijina, ka mayar da ni akawu. Ka hana kanka ganin mahaifiyarka saboda wani suna a kwamfuta. Wallahi da na san haka ne, da ban taka bankin nan ba."

Ya dube ta, bakinsa ya motsa kamar zai yi magana, sai ya rufe ido. Ta ɗauki jakarta ta fita. Ta yi niyyar tsayawa a baranda ta huce, amma ƙafafunta suka kai ta har bakin titi, ta tari tasi ta koma gida. Ta yi wanka, ta dama sabon kunu da tsamiya irin wanda yake so, tana ta shirya abin da za ta ce masa in ta koma.

Da ta dawo bayan la'asar ta tarar da Layan a bakin ƙofar ɗakin. Ciwo ya taso masa bayan fitarta, an yi masa allura mai ƙarfi, ya yi barci. Ikilima ta zauna ta riƙe hannunsa, ta yi masa magana a kunne, ta ce ta dawo, ta ce ya yafe mata. Layan ta ce wataƙila yana ji. Bai sake buɗe ido ba. Washegari da safe, wajen ƙarfe tara, ya cika.

Aka yi masa salla bayan la'asar, maza suka tafi da shi. Gidan ya cika da mata, 'yan'uwanta na Balad da matan layi da matan abokan aikinsa, ana zagayawa da gahawa da dabino. Haoua ce ta kama kicin. Ikilima tana zaune inda aka zaunar da ita, tana amsa ta'aziyya da bakinta kawai.

A rana ta biyu ta zaman makoki, wata tsohuwa da ke gefenta ta tambayi wata ko yau nawa ga wata, don tana lissafin ranar da takaba za ta ƙare. Aka ce ashirin da biyar. Nan take Ikilima ta tuna yau ce ranar ƙarshe ta biyan kati. Ta miƙe ta ratsa mata, ta shiga ɗakinsu ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gado ta ciro waya. Riyal ɗari shida da arba'in ne. Idanunta ba sa ganin lambobin sosai, sai da ta goge su da gefen mayafi sau biyu. Ta danna, saƙo ya shigo. Wata yayarta ta turo ƙofa, ta gan ta da waya a hannu, ta ce, "Haba Ikilima, mutane na jiranki, ke kina nan kina duba waya?" Ta kife wayar a kan gado ta bi ta suka fita.

Abin da ya hango kuwa ya faru. Aka rufe asusunsa, haƙƙinsa na kamfani da ya shigo kwana huɗu kafin rasuwarsa yana ciki. Kotu ta nemi takardar wakilci daga Inna da 'yan'uwansa. Takardun suka zo da Faransanci, aka ce sai an fassara, sai an buga hatimi a can da nan, aka sami kuskure a rubutun sunan kakansa, aka mayar da su. Mota ma ba ta sayuwa tunda ta shiga gado. Amma gidan da sunan Ikilima yake, babu wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wuta ba ta yanke ba. Tana cikin takaba, Layan ke fita da katin ta yi cefane, ita kuma ta biya daga ɗan abin da ya tara mata. Da lokacin haya ya zo ta ba yayarta awarwaronta biyu ta sayar.

Da ta fita takaba, kuɗin asusunta sun kusa ƙarewa, maganar gado kuma ba ta motsa ba. Ta zauna ta yi tunanin abin da ta iya. Tun tana budurwa ta koyi yin tsire a wurin goggonta, wanda mutanen Hijaz ke kira siriya, kuma duk bikin da aka yi a layinsu ita ake roƙo ta haɗa yajin. Haoua, wadda ɗanta ya samu aiki ya ci gaba da riƙe ta a Jidda, ta ce in za ta fara na sayarwa za ta taya ta. Abin da ya rage shi ne babban firiza na ajiye nama da tanda mai gas.

Ta je wani shagon kayan wuta ita kaɗai. Kayan biyu sun kama riyal dubu huɗu da ɗari biyu. Ta ce tana so ta biya a hankali. Mai shagon ya tambaye ta inda take aiki, ta ce ba ta aiki. Ya tambayi ko maigida zai tsaya mata, ta ce ya rasu. Mutumin ya yi mata ta'aziyya, ya ce zai tura sunanta ga kamfanin da ke ba da kaya bashi, amma kar ta sa rai sosai. Ta zauna a kan wata kujerar roba tsakanin injinan wanki, jakarta a kan cinya. Ba a yi minti goma ba ya kira ta.

"Sun amince, Hajiya. Sun ce wata goma sha takwas ba ki taɓa yin latti ba ko sau ɗaya. Sa hannu a nan."

Ta karɓi biron ta rubuta sunanta. Ya ce mata mabruk, wato barka, yana murmushi, yana jiran ta yi murna. Ta yi masa godiya, ta tambayi ranar da za a kawo kayan, ta fita. A bakin shagon ta tsaya cikin rana ta rasa ta ina za ta bi, har wani mai tasi ya yi mata hon sau biyu kafin ta tuna gida za ta.

Aka kawo kayan ranar Talata. Firizan ya ƙi shiga ƙofar kicin, sai aka jingina shi a lungun shiga falo. Aikin farko da ta samu na walimar wata maƙwabciya ne, kilo takwas. Ranar Alhamis da safe ita da Haoua suka shimfiɗa leda a ƙasan kicin, suka zauna da faranti da wuƙaƙe, ga garin ƙuli da citta da barkono a kwano. Suka shiga yankan nama.

"Haoua," in ji Ikilima, ba tare da ta ɗago ba, "maganar ƙarshe da na yi masa yana ji, faɗa ce. Na ce da na sani da ban bi shi banki ba. Na fita na bar shi."

Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Layan. Haoua ta dakata da yankan.

"Ni Mahamat ranar da ya fita bai dawo ba, a kan kuɗin gas muka rabu," ta ce. "Ko a dawo lafiya ban ce masa ba."

"Yana daina damun mutum?"

"Ni dai bai daina ba. Sai dai wasu ranakun ina kaiwa azahar ban tuna ba."

Ikilima ta gyaɗa kai. Ta goge fuskarta da bayan hannu don yatsunta duk yaji ne. Haoua ta ɗaga wata yanka ta duba, ta ce wannan ta yi kauri, ba za ta gasu da wuri ba. Ikilima ta karɓa ta sake feɗe ta biyu. Saura kilo biyar a gabansu, mai walimar kuma ta ce kafin magariba za ta aiko a karɓa.